Ƙwan Gwaggo

A unguwar da ta baro Mai Kaji ake ce mata, kuma sunan ba na banza ba ne, da kaji ta ciyar da 'ya'yanta har suka zama mutane. Da cuta ta share mata akurki, gwiwa kuma ta soma yi mata gardama, sai autanta ya je ya ɗauko ta, ya kawo ta gidan da yake haya a saman bene. Nan ba wanda ya san ta da kaji. Inna kawai ake ce mata.

Ɗaki mai kyau suka ba ta, da fanka, da wata katifa mai laushin da ke tashe ta da ciwon baya. Matar Auta nas ce a asibiti, yarinyar kirki, amma irin kirkin nan da ke kashe mutum da ransa. Inna ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta nufi wurin wanke-wanke, a riga ta. Ko albasa ta ce a miƙo ta yanka, sai surukar ta yi murmushi ta ce ai sun yi nasu, yanzu lokacin yara ne. Da safe mata da miji su fita aiki, su bar ta da talabijin da abinci a rufe. Ta ci, ta leƙa taga, ta dawo ta zauna. Ba wanda ya taɓa ɓata mata rai, shi ya sa ma ta rasa wanda za ta yi wa ƙorafi. Abin da ke cin ta ɗaya ne: tana so ko sau ɗaya a ce a gidan nan an yi wani abu da hannunta, kuma ya amfani ɗanta.

Auta a gidan namun daji yake aiki, shi ke kula da kadoji. Inna ba ta taɓa gane dalilin da zai sa mutum mai hankali ya zaɓi wannan aiki ba, amma ta ga yana son sa kamar ransa, sai ta bar shi da addu'a. A cikin kadojin akwai wata tsohuwa da ma'aikata ke kira Gwaggo, kadar kogi ce da aka kawo tun kafin Auta ya soma aiki. Labarinta ya fi na kowa yawa a gidan nan. Gwaggo ta ci, Gwaggo ta ƙi ci, Gwaggo ta kori ƙanana daga rana. Shekara da shekaru ba ta yi ƙwai mai rai ba, har an fid da tsammani. Sai ga shi bana, bayan namijin da suke tare ya mutu da ɗan lokaci kaɗan, ta haƙa tudun yashi a gefen tafki ta zuba ƙwai. Kowa ya san na ƙarshe ke nan.

Ruwan sama yakan cika wurin, dole a kwashe ƙwan. Injin ƙyanƙyasa na gidan kuwa ya ƙone, abin gyaransa sai an yi oda daga nesa. Auta ya roƙi shugabansu ya bar shi ya kai su gida, ya ce yana da sito mai ɗumi, zai riƙa duba su safe da yamma. Shugaban ya yarda, ya ce amana ce.

Ran da ya kawo su, Inna ta ji hawansa a matakala ya bambanta. A hankali yake tafiya kamar mai ɗauke da kwanon mai cike fal. Wata babbar kula ce a hannunsa. Ya shiga sito ya ajiye ta a kan tebur, ya rataya fitila a sama, ya soka ma'aunin zafi a ciki, sannan ya yarda suka leƙa. Ƙwan na kwance cikin damshin dusar katako, farare, dogaye, sun fi na agwagwa girma nesa ba kusa ba. A saman kowanne akwai alamar fensir.

"Don Allah kar wanda ya taɓa su," in ji shi.

Inna ta ce to. A ranta kuwa ta ɗauka da matarsa yake, wadda iyakar saninta da ƙwai shi ne ta fasa a kasko. Alamar fensir ɗin nan ma sai da ta sa Inna murmushi, don ta san inda yaron ya koyo ta. A gidanta na da tana da akwatin ƙyanƙyasa mai fitilar kananzir. Kowane ƙwai takan yi masa zane da gawayi a gefe guda, da safe zanen na sama, da rana ta juya shi ƙasa, don ta san wanda ta juya da wanda ta tsallake. Ƙwan da ba a juyawa, ɗan tsakon manne wa ɓawo yake yi ya mutu. Ko kaza mai kwanci ta san wannan, da baki take mirgina nata. Auta tun yana rarrafe yake ganin ana yi.

Kwana biyu tana leƙa siton bayan sun fita. Alamar na sama da safe, tana sama da rana, tana sama da yamma. Yaron nan gajiya ta yi masa yawa, ya yi zane ya manta abin da zanen ke nufi. Ta so ta yi masa magana, sai ta tuna magidanci ne yanzu, ga matarsa, ba daɗi a riƙa gyara masa aiki kamar ɗan koyo. Ta kuma san amsar da za ta samu, a ce ta bari kar ta wahalar da kanta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai ta yanke shawara ta rufa masa asiri.

Da suka fita washegari ta wanke hannu, ta ɗumama shi a jikin fitilar don kar sanyi ya taɓa ƙwan, ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Rabin juyi, a hankali, da yatsu uku, yadda ta yi wa dubban ƙwai a rayuwarta. Da la'asar, kafin ta ji motsin kowa a matakala, ta sake juya su alamar ta koma sama, ta gyara dusar katakon ta koma kamar ba a taɓa ba. Ta ce a ranta ranar da suka ƙyanƙyashe za ta faɗa masa, suna dariya.

Ba a taɓa ganin Inna cikin walwala irin ta makonnin nan ba. Tana tashi da wuri, har Allah-Allah take su fita. Tana yi wa ƙwan hira, tana ce musu 'yan Gwaggo, tana gargaɗinsu in sun fito kar su ciji mai gidan. Abinci ya soma shiga, har surukar ta ce iskar garin ta karɓe su, sun yi fes. Da yamma Auta kan kira ta ya haska ƙwai da tocila, ba tare da ya ɗaga shi ba, ya nuna mata wani farin zobe da ya kewaye tsakiyarsa kamar ɗamara. Ya ce wannan shi ne shaidar rai, zai yi ta faɗi har ya rufe ƙwan duka. Ita kuwa sai ta gyaɗa kai tana danne dariya, tana jin daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Zoben bai yi faɗi ba. Auta ya riƙa daɗewa a sito, yana canja fitila, yana ƙara damshi, yana ragewa. Inna ce ta fara jin warin, don hancin mai kaji ba ya ɓatan baragurbi. Sai ta ƙara himma a kan sauran. Ɗaya ya yi baƙi a gefe, Auta ya fitar da shi a leda. Bayan kwanaki wani ya bi. Haka suka yi ta tafiya da ɗaiɗai da bibbiyu, har ranar da ya sauko da kular babu kome a ciki sai dusar katako. Ya wanke ta tas, ya kife ta a baranda, ya shige ɗaki.

Inna ta yi kuka a ɗakinta, kuka na gaske. Ta ba shi haƙuri, ta ce haka ƙwai yake, ba duk wanda aka kwanta wa ke fashewa ba, ita ma ta sha asarar akwati guda. A ɓoye kuwa kanta take zargi. Da ta soma tun ranar farko, da ba ta tsaya kallo ba. Ga ranakun hutu da suke wuni a gida, ba ta samun shiga siton, ƙwan su wuni a gefe ɗaya. Ta tabbata wannan ne ya kashe su.

Auta ya zama wani iri. Ya daina labarin Gwaggo, ya daina labarin kowa. Ya zauna gaban abinci ya yi ta juya cokali. Wata rana surukar ta shigo ɗakin Inna ta zauna a bakin katifa, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce shugaban bai hukunta shi ba, ya ma ce ƙaddara ce, amma Auta da kansa ya je ya ce a ɗauke shi daga wurin kadoji, a mai da shi ƙofa ko shara, ko'ina ma. An ba shi zuwa ƙarshen mako ya sake tunani. Ta ce ita ta yi masa magana har ta gaji.

"Ku kaɗai yake ji, Inna. Gobe ba ni da aiki, mu je ku same shi a can."

Karo na farko ke nan da aka nemi wani abu a wurinta a gidan. Ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, surukar ta sa mata lemon zaƙi da ruwa a jaka, suka hau mota.

Inna ba ta taɓa shiga gidan namun daji ba. Wari ne ya fara tarbarta, na ciyawa da kashi da ruwan da ya kwana. Birai na miƙo hannu ta cikin waya kamar masu bin bashi, zaki na barci ya ba jama'a baya. A gaban jimina ta ɗan tsaya, ta ce wannan kam da za a samu irinta a akurki da an huta. Daga nan hanya ta gangara, ta bi ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, ta kai su wata katangar siminti iya ƙugu, da waya a samanta.

Da farko ba ta ga kome ba sai koren ruwa da gumagumai a bakinsa. Sai wani gungume ya buɗe ido. Kadojin ne kwance a rana, wasu baki a wangame, ba mai motsi, ƙudaje na yawo a kan haƙoransu. 'Yan kallo na tafi, suna fito, wani har da jefa murfin kwalba, kadojin ko gezau. Wani mutum ya ce wa matarsa na roba ne, an cuce su kuɗin shiga.

Auta ya fito daga wata ƙaramar ƙofa, da rigar aiki da hula da dogayen takalman roba. Ya gaishe ta, ya yi wa matarsa wani kallo, ita kuwa ta ce bari ta je ta nemo wa Inna kujera, ta tafi ba ta waiwayo ba. Inna ta tambayi wacce ce Gwaggo. Ya nuna can gefe, nesa da ruwa, nesa da sauran.

Ta fi su girma duka, amma fatar wuyanta ta saki, ido ɗaya ya yi fari. Ta ɗora haɓarta a kan wani tudun yashi, ta miƙe jelarta ta kewaye shi. Auta ya ce tun da aka kwashe ƙwan ba ta bar wurin ba, sai dai ta shiga ruwa ta jiƙa jiki ta dawo. Ba ta san babu kome a ciki ba. Abinci sai an kai mata har gabanta, shi ma ba kullum take karɓa ba. Ya ce sauraro take yi, don 'ya'yan kada tun suna cikin ƙwai suke kuka in lokaci ya yi, uwar ta ji ta tone su, ta kwashe su a baki ta kai ruwa, da waɗannan haƙoran, ba ta ƙwarzane ko ɗaya ba. Yanzu ne lokacin.

Inna ta daɗe tana kallonta. Ta zo da tsoron dabbar, sai ta ji tausayi ya kama ta. Ta share ido da bakin mayafi, ta juya ga abin da ya kawo ta. Ta ce ta ji wai zai bar aikinsa saboda abin da Allah ya riga ya hukunta, wannan ba ɗabi'ar gidansu ba ce.

Auta ya kama wayar da yatsunsa. Ya ce ba ƙaddara yake ja da ita ba, hannunsa ne bai yarda da shi ba kuma. Zafi daidai ne, damshi daidai, ya duba ya sake dubawa. Abu ɗaya ya rage. Ranar da ya tone su Gwaggo ta taso masa, ana tare ta da sanda, shi kuma yana sauri. A hanya kuma motar ta faɗa wani rami. Ko a wurin tono, ko a ramin nan, sun mirgina bai lura ba. Zoben da suka gani na 'yan kwanakin farko ne kawai, ƙila tun a matakala gawa ya hau da ita.

"To, in sun mirgina fa?" in ji Inna. "Kaza ma ai kullum mirgina nata take yi."

Ya yi ɗan murmushi, na farko a cikin makonni.

"Inna, ai wannan ba kaza ba ce. Ƙwan kada ba a juya shi. Ɗan yana manne wa saman ɓawon tun kwana ɗaya, nan yake shaƙar iska. In aka kife shi, kwaiduwar ta danne shi ya mutu. Shi ya sa nake yin alamar nan tun a cikin rami, don yadda uwar ta ajiye shi haka zai zauna har ya fashe."

Hayaniyar 'yan kallo ta yi nisa a kunnen Inna. Ta dafa katangar, simintin da zafi amma ba ta ɗauke hannu ba. Garin gyaran gira ta tsone ido, kuma ba sau ɗaya ba, kullum, da wankakken hannu, tana yi musu waƙa. Ta dubi ɗanta. Bai san kome ba, kuma ba zai taɓa sani ba, don ta iya gyara dusar katako. Tana iya yin shiru ta koma gida a matsayin Inna mai ba da haƙuri. In ta yi magana, abu ɗaya da ta iya a duniya shi zai zama abin da za a riƙa tuna ta da shi a gidan, kuma ko cokali ba za a sake bari ta ɗauka ba. Amma ga yaron nan tsaye yana duban tafin hannunsa kamar na wani.

"Auta, ni ce. Ni na riƙa juya su."

Ya dube ta, sai ya girgiza kai. Ya ce ya san halinta, tun yana yaro in ya fasa abu ita ke cewa ita ce, don kar babansu ya dake shi. Ta bar wannan, ya girma. Kullum ya dawo alamar na sama, da idonsa yake gani.

Wannan ya fi kome yi mata ciwo, ga gaskiya ta faɗa an mai da ita alheri. Ta buɗe jaka ta ɗauko lemo ɗaya, ta karce shi da farce a gefe guda, ta ɗora a kan katangar. Ta hura tafin hannunta don ya yi ɗumi. Ta sa yatsu uku ta yi masa rabin juyi, karcen ya koma ƙasa.

"In kun fita ke nan," ta ce. Ta sake juyawa, karcen ya dawo sama. "Kafin ku dawo."

Auta ya san juyin nan, a gabansa ya girma. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya dubi lemon, ya dubi Gwaggo, ya sake duban lemon. Inna ta jira faɗa, ta ma roƙi Allah ya yi faɗan, ko ta samu sauƙi. Bai yi faɗan ba, sai ya ce:

"Ke nan da ransu na kawo su gida."

"Da ransu."

Ya sauke wani dogon numfashi, ita kuwa ta kasa gane na sauƙi ne ko na baƙin ciki, ƙila shi ma bai sani ba. Ta ce ya kai ta wurin shugabansu ta faɗa da bakinta. Ya ce a'a. Shi ya kawo ƙwai gidan da Mai Kaji take, ya ce kar a taɓa, bai faɗi dalili ba. Ya faɗi haka da ladabi, amma bai dube ta ba.

Wani abokin aikinsa ya leƙo ta ƙaramar ƙofar da bokitin kifi, ya ce lokaci ya yi, zai shiga ne ko yau ma shi zai kai wa Gwaggo. Auta ya ce ya ajiye, yana zuwa. Ya cire hularsa da wayarsa ta hannu, don ba a shiga da abin da zai iya faɗuwa. Ya jefa wayar a cikin hular, ya miƙo wajen Inna, sai hannunsa ya tsaya a hanya. Tsayawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, ya ɗan waiga ko matarsa ta dawo. Inna ta gani. Sannan ya ƙarasa miƙowa, ya juya ya ɗauki bokitin.

Ta karɓa da hannu biyu. Jama'a suka matso suna turereniya don su ga ana ciyar da kada, wani ya ce tsohuwa ta ɗan gusa. Ba ta gusa ba. Ta tsaya riƙe da hular daidai yadda ya miƙo mata, ba ta karkata ta ko kaɗan ba, har damatsanta suka soma rawa.